Yadda Bodinga Ta Koma Ta Biyu

Ni dai ban kai kaina ba, kai ni anka yi. Ku fara riƙe wannan, ke Nana da kai Bello, kafin wani ya zo ya ce maku ubanku shisshigi gare shi tun yana saurayi. Ina zaune lafiya lau a rumfata ta cajin waya bakin tashar Bodinga, ina cin gyaɗa ina tsokanar direbobi, ga jakata na riga na ɗaure don ranar Asabar zan bi wani abokina Kano in koyi gyaran waya na gaske. Makaranta kuwa tun aji uku na ƙaramar sakandare munka yi sallama da ita, ba faɗa ba zagi. Ta ga ba ta da riba gare ni, ni ma na ga haka. Duk ilimin kwamfutar da nake da shi lokacin bai wuce tura wa mutane waƙa da wasan ƙwallo cikin memori ba. To irin wannan mutum anka ɗauko anka ce ya hana gida rabewa. Kun sha tambayata mi ya sa akwatin intanet na shagon Bodinga ke da takarda manne an rubuta BIYU, alhali nan ne cibiyar aikin. Yau za ku ji.

Kawu Hassan da Kawu Husaini, ƙannen Ummata, tagwaye ne, kuma duka teloli. Uwarsu Inna Tumba, wato kakata, tana da doka guda wadda ba ta da ɗaukaka ƙara: ba a bambanta tagwaye. Ta ce in an ba ɗaya abin da ba a ba ɗan'uwansa ba, sai kunamu su cika gida. Sun girma, sun yi aure, sun yi furfura, dokar ba ta tsufa ba. Hula iri ɗaya, babur iri ɗaya launi ɗaya, kuma rana ɗaya za a saye su. Shekarar da anka cire wa Kawu Husaini haƙori, na je na tambayi Inna ko in kai Kawu Hassan shi ma a cire nasa. Da mafici ta jefe ni.

Kawu Hassan ke Bodinga. Shi ke karɓar ɗinki, yana da ɗan ofis bayan shago inda yake zana aikin wuyan riga a kwamfuta. Kawu Husaini ke Shagari, can babban injin aiki yake, wanda ake loda wa zane ya yi ta sukar shadda shi kaɗai. Injin ne kawai abin da ba a sayi biyu ba, don ya fi ƙarfinsu, sai anka ce na su biyu ne, anka aje shi inda shago ya fi faɗi. Wani injiniya daga Sakkwato ya zo ya haɗa ofisoshin ta intanet. Ya sa wata manhaja cikin kowace kwamfuta, in ta nuna kore to hanya ta buɗe. Kawu Hassan zai yi zane ya aje a folda mai suna ZANE. Kawu Husaini zai latsa wata alama bisa allonsa da anka rubuta wa BODINGA, foldar ta buɗe, ya kwafo zanen cikin tasa foldar, wadda ita ma ZANE sunanta don kun san doka, sannan ya loda wa inji. Haka anka yi ta yi lafiya. Injiniyan ya samu aiki ya bar jihar, lambarsa ta daina shiga, ba wanda ya damu.

Da damina tsawa ta faɗi kusa da shagon Shagari ta ƙone akwatin intanet ɗinsu, wanda muke ce wa rauta. Kawu Husaini ya sayi sabuwa. Labari ya kai kunnen Inna, sai anka cire ta Bodinga, lafiyayya garau, anka sayo wa Kawu Hassan irin ta ɗan'uwansa sak. Mutumin da ya sayar ya zo ya jona, anka ja masa kunne: yadda ya yi wa wannan haka zai yi wa wancan, kada ya bambanta ko ɗigo. Ya yi biyayya. Manhaja ta nuna kore, folda ta buɗe, kowa ya koma aikinsa.

Ana cikin haka akwai ɗinkin wani ango daga Dingyadi, shi da abokansa, riguna goma sha biyu na farar shadda. Tun kafin tsawar Kawu Hassan ya yi masu zane mai zaren gwal, Kawu Husaini ya kwafa ya aje. Bayan tsawar ango ya sake ra'ayi, ya ce ɗan aiki siriri yake so, fari kan fari. Kawu Hassan ya gyara, ya aje da sunan da yake da shi tun farko, ya kira Shagari ya ce an gyara, a ɗauka. Kawu Husaini ya latsa BODINGA, ya ɗauka, ya loda. Riguna sunka fito da tsohon zane, gwal yana ta walƙiya kamar motar biki. Ango ya zo da mutanensa sunka cika bakin shago da hayaniya ranar kasuwa. Kawu Hassan ya rantse ya gyara. Kawu Husaini ya rantse abin da ya iske shi ya ɗinka. Dattijo biyu, rantsuwa biyu masu karo da juna, kowa ya san ma'anar wannan. Daga nan duk sabon zanen da anka yi Bodinga ba ya fitowa Shagari, Kawu Husaini ya ce ɓoye masa aiki ake yi. Sunka daina gaisawa. Anka sa ranar Juma'a bayan masallaci, a gaban Inna, a raba kekuna, a sayar da inji, kowa ya kama gabansa.

Ranar Laraba Umma ta aiko in zo. Na iske ta tana tankaɗe, ko kallona ba ta yi ba.

"Lawali, ba kai ne mai latse-latse ba?"

"Umma, caji nake yi. In soka waya, in zare waya. Ko akuya ta iya."

"To akuyar za ta tafi ta duba kwamfutocin kawunnanka."

"Asabar fa zan tafi Kano."

"Ka tafi mana. In ƙannena sunka rabu Juma'a, ka tafi Kano da ƙafar da ka ga dama, amma ba da albarkata ba."

Kun ji irin roƙon da anka yi mani.

Alhamis da safe na shiga ofishin Kawu Hassan. Yana zaune ya haɗe rai, tef rataye a wuya. Na gaishe shi, ya amsa da hanci.

"Kai anka turo? Lallai abin ya lalace."

"Kawu, asibiti ma in likita ba ya nan mai shara ke duba mutane."

"Taɓa a hankali. In ka goge mani zane sai na auna ka da wanga tef ɗin, ba awon riga ba."

Na zauna na yi abin da na iya. Na kashe na kunna. Na zare wayoyi na hura masu iska na mayar. Manhaja kore shar. Na buɗe ZANE, ga zanen ango nan, siriri, fari kan fari, yadda Kawu ya faɗa. To shi dai bai yi ƙarya ba. Sai dabara ta zo mani irin ta 'yan tasha: in kana son sanin ko direba na kai saƙo, ba shi abin da ba wanda zai sata. Na ɗauki hoton kaina na gwalo, na jefa cikin foldar. Sannan na tono lambar kwamfutar, irin wadda nake gani a waya in na jona wa mutane wayfay, mai gaɓa huɗu da ɗigo a tsakani. Ban san amfaninta ba, amma na ga a wani bidiyo masu gyara na rubuta ta, ni ma na rubuta a tafin hannuna da biro don a ga ina aiki.

Na ari babur ɗin Kawu na kama hanyar Shagari. Gero ya yi kai hagu da dama, hadari na haɗuwa gabas, ni kuwa ina ta lissafin yadda zan ce wa Umma na yi iyakar ƙoƙarina. Na iske Kawu Husaini yana zaune yadda na baro ɗan'uwansa, ya haɗe rai, tef a wuya, har hular iri ɗaya. Sai da na ji kamar ban yi tafiya ba. Injin yana gefe an lulluɓe shi da zane, ga rigunan ango a ninke bisa benci ba wanda ke son kallonsu.

"Shi ya turo ka?"

"Umma ta turo ni, Kawu. Ni ɗan aike ne, ba ni da jam'iyya."

"To duba da idonka. In ka ga inda ya gyara, ka kira ni maƙaryaci a tsakiyar kasuwa."

Ya latsa BODINGA da kansa. Folda ta buɗe nan take. Ga zanen ango, mai zaren gwal. Shi ma bai yi ƙarya ba. Na nemi hotona na gwalo sama da ƙasa, babu. Na kira Kawu Hassan na ce ya duba, ya ce ga ƙatuwar fuskata nan tana ɓata masa allo. Na kashe na kunna, na hura wa wayoyi iska, na kalli bidiyo uku na wani mai gyara da ke Turanci da gudu kamar ana korarsa, ban tsinci komi ba. Har azahar ta yi. Munka yi salla, matar Kawu ta aiko da fura, na sha na koma na zauna ina kallon allo, allo na kallona.

Ruwan sama ne ya taimake ni, ba wayona ba, ku rubuta wannan ma. Hadarin nan ya iso, ruwa ya sauko da ƙarfi, sabis ya ɗauke ɗif. Wayata ba ko sanda guda. Manhaja ta koma ja. Na ce to aiki ya tsaya, bari in jira. Don zaman banza kawai na kai hannu na latsa BODINGA. Folda ta buɗe.

Na rufe, na sake latsawa. Ta buɗe. Na tashi na zare wayar rautar daga bango gaba ɗaya, fitilunta sunka mutu, na dawo na latsa. Ta buɗe, har da saurinta.

"Kawu, zo ka ga ikon Allah. Ba sabis, ba rauta, amma ga mu cikin Bodinga. Ko dai aljanu ke kawo maka zane?"

"Bar wasa, Lawali."

Na tono lambar kwamfutarsa, na buɗe tafin hannuna. Zufa da riƙon babur sun ɗan cinye biron, amma ana karantawa. Gaɓa huɗu, duka ɗaya, ko ɗigo bai bambanta ba. Na yi dariya har na ƙware. Na jefa wani hoto cikin foldarsa ta ZANE, na latsa BODINGA, sai ga hoton ya fito can.

"Kawu, tun ranar da anka sa sabuwar rauta ba ka leƙa Bodinga ba ko sau ɗaya. Madubi kake kallo. Kwamfutarka in ta tashi kiran ta Kawu Hassan, sai ta kira lamba, lambar kuwa tata ce, sai ta amsa wa kanta. Tsohon zanen da ka kwafa da hannunka, shi ka sake ɗauka."

Ya matso ya dubi allon. Ya cire hula, ya shafa kai, ya mayar. Sannan ya ce a hankali, "Ashe ya gyara."

Da sabis ya dawo na nemi bidiyon da ya dace, yanzu da na san sunan ciwon. Maganin bai kai shan fura wuya ba. Gaɓa ta uku a lambar ita ce kamar sunan gari, duka rautocin an bar su a kan ɗaya yadda sunka fito daga kwali. A mayar da guda ta koma biyu, shi ke nan. Na ce wa Kawu Husaini bari in canza tasa yanzu, minti biyar. Ya riƙe mani hannu. Ya ce ba za a taɓa tasa a bar ta Hassan ba, Inna ba ta sani ba, kuma shi bai ga dalilin da zai sa shi ne zai koma biyu ba. Na kira Kawu Hassan na yi masa bayani, na ji yana sauke numfashi, sannan ya ce alhamdu lillahi, amma kada in kuskura in taɓa tasa. Na ce to a canza duka, wannan uku wancan huɗu. Sunka ce wa zai ɗauki huɗu? Na hau babur na dawo gida cikin taɓo, ciwo a hannu, magani a hannu, marasa lafiya sun ƙi buɗe baki.

Juma'a bayan masallaci anka taru a tsakar gidan Inna. Tana bisa tabarma ta miƙe ƙafafu, carbi a hannu. Umma na gefenta. Kawunnan sun zauna nesa da juna, kowa na kallon takalminsa, kunya ta hana su haɗa ido. Maganar raba kekuna ba wanda ya tayar da ita, ba wanda kuma ya janye ta. Umma ta ce in yi bayani. Na durƙusa gaban Inna.

"Uwargida, ran amarya ya daɗe."

"Tashi can, mijin banza, ko cefane ba ka iya ba. Mi ka gano?"

"Na gano mai laifi. Tana zaune bisa tabarma da carbi."

Umma ta ce, "Lawali!" Inna ta ɗaga mata hannu. Na kwashe labari na faɗa mata, tun daga tsawa har ruwan jiya. Ta saurara tana jan carbi. Da na kai wurin canza lamba sai ta girgiza kai.

"Ba a bambanta mani ɗiya. Shekara hamsin da wani abu ban yi ba, ba zan fara don akwatin bature ba. Ka nemi wata dabara."

"Babu wata, Inna. Ko a bambanta akwati, ko a raba inji."

"To a mayar da tsohuwar ta Hassan."

"Kin ga an bambanta ke nan, ɗaya sabuwa ɗaya tsohuwa."

Ta yi tsaki. Na matsa kusa, na ce ta yi mani alfarma guda, ta kira Kawu Hassan. Ta harare ni, amma ta ce, "Hassan." Ya ce, "Na'am, Inna." Na ce to mi ya hana Kawu Husaini amsawa? Ta ce don ba shi ta kira ba, wane irin shashanci ne wannan. Na ce ashe ranar suna an bambanta su. Hula ɗaya, riga ɗaya, amma suna biyu, don in kin aiki wannan kada wancan ya tafi. Akwatunan nan an ba su hula ɗaya, an ba su riga ɗaya, an kuma ba su suna ɗaya. Shi ya sa ɗiyanki biyu sunka yi rantsuwa kan gaskiya, kowa na ganin ɗan'uwansa maƙaryaci.

Carbin ya tsaya. Ta dubi Kawu Hassan, ta dubi Kawu Husaini. Sannan ta ce, "Ku matso nan, ku biyu. Kun zauna kamar baƙi." Sunka matso. Kawu Husaini ya ce, "Ashe ka gyara." Kawu Hassan ya ce, "Ashe ba ka gani ba." Iyakar ban-haƙurin ke nan, a gidanmu ba a yin wanda ya fi haka tsawo. Anka shiga maganar yadda za a sake wa ango riguna, wa zai yanka, wa zai zauna kan inji. Umma ta share ido da gefen mayafi ta ce hayaƙi ne, alhali ba a hura wuta ba.

Kano dai ban je ba. Asabar ɗin ina Bodinga ina canza lamba, Lahadi ina Shagari ina gyara alamar nan ta nuna inda ya kamata, ranar da hotona na gwalo ya fito a allon Kawu Husaini har tafi anka yi. Daga nan duk abin da ya yi ƙara a shagunan biyu sai a ce a kira Lawali. Abokina ya tafi, yanzu yana da shagonsa a can, in ya zo Salla da mota yake zuwa. Wani lokaci ina tunanin abin, ba zan ɓoye maku ba. Amma da na tafi da ban haɗu da uwarku ba, don ɗinki ta kawo shagon Shagari ta iske ni ƙarƙashin tebur ina jan waya. Ku ke nan ribar da na ci, ku san yadda za ku yi ku biya ni.

Saura yadda Bodinga ta zama biyu. A zaman nan ne, an gama sulhu, har an kawo ruwa. Na ce to yanzu wa zai riƙe ɗaya? Sai gardama ta dawo sabuwa, amma irin ta da, wadda ake yi ana kallon juna. Kawu Husaini ya ce inji na wurinsa. Kawu Hassan ya ce zane daga wurinsa yake fitowa. Inna ta ce a bar wa Husaini ɗaya, shi tsawa ta faɗa wa. Kawu Hassan ya gyara zama, ya gyara hula.

"Haba Inna. Ni ne fa Hassan. Ni na riga shi zuwa duniya, kowa ya san wannan."

Inna ta ci gaba da jan carbinta, ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Wa ya faɗa maka? Ni da ke wurin ban sani ba. Ungozoma ta haɗa ku cikin zane guda ta tafi wanke hannu, da ubanku ya tambaya wane ne Hassan sai na nuna wanda ya fi kuka."